Taransifoma ko Fili: Rigimar Gonar Ƙarshe a Wata Sabuwar Unguwa ta Zariya

Tsakanin Kwangila da Shika, hagu da dama na titin Sakkwato, akwai unguwanni da yawa waɗanda shekaru ashirin baya masara da dawa ake nomawa a cikinsu. Ɗaya daga cikinsu wannan nazari ya shafa. Ba zan kama sunanta ba, domin mutanen da abin ya haɗa maƙwabtan juna ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, kuma har yanzu akwai waɗanda ransu bai huce ba. Ni nake riƙe da littafin kwamitin ci gaban unguwar, don haka abin da zan kawo a gabana aka yi shi.

Unguwa ta shafe fiye da shekara tana karo-karo domin sayen taransifoma. Kuɗi ya kusa cika sai labari ya zo cewa magadan gona ta ƙarshe da ta rage a tsakiyar unguwar za su yanka ta fuloti-fuloti su sayar. Nan aka rabu biyu: a ci gaba da maganar wuta, ko a juya kuɗin a sayi filin.

Dalilin cikar wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, asibitin koyarwarta ya koma Shika a 2005, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a wajen Palladan, ga bariki da cibiyoyin bincike a Basawa. Duk wanda ya yi aiki a ɗayan waɗannan wurare, burinsa kafin ritaya ya kafa bulo ko da ɗaki biyu ne. Ga 'yan birni da gidan gado ya yi wa kaɗan, ga 'yan kasuwar Sabon Gari, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari a 'yan shekarun nan. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari kusan mutum 700,000 a haɗe. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, amma wanda ya san inda gari ya tsaya a wancan lokacin ba sai an karanta masa lissafi ba.

Unguwar tamu gaba ɗayanta awon igiya ce. Mai gona ya kira dillali, dillali ya zo da igiya da turaku, a yanka ƙafa 50 da 100, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa da shaidu su sa hannu. A wannan lissafi duk takun da aka bar wa hanya asara ce ga mai gona, ragi ne kuma a la'adar dillali. Shi ya sa layukanmu da ƙyar tifa take shiga. Kowace gona daban aka auna ta, a shekara daban, da dillali daban, don haka sai ka bi layi ka ga ya ƙare a bangon wani. Babu wanda aikinsa ne ya ce a bar wa makaranta nan, a bar wa ruwa can. Dokoki kam akwai su. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, dokar tsara birane ta 1992 ta ce ba a gini sai da izini, jihar Kaduna kuma tana da KASUPDA mai ba da izinin gini da KADGIS mai rajistar filaye. Sai dai igiyar dillali ta fi takardar ofis sauri. Kafin a zo a zana unguwa, an riga an rufa kwano.

Gonar da ake magana ba wata babba ba ce, ba ta kai filin ƙwallo biyu ba. Mai ita, wani dattijo daga cikin asalin mutanen wurin, ya ƙi sayarwa har Allah ya yi masa rasuwa. Rabinta tudu ne, da itatuwan mangwaro da tsohuwar ɗorawa da tsamiya ɗaya. Sauran rabin gangare ne, a ƙarshensa akwai tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin gidajen farko. Ruwan saman layuka uku nan yake taruwa, in ya cika ya zarce wani ɗan rafi da ke gangarawa kogin Kubanni. Da an kawar da amfanin gona yara su kafa raga. A inuwar mangwaron 'yan acaɓa suke jiran fasinja, nan mata suke zaman biki in gida ya yi kaɗan, nan ake sallar gawa saboda ƙofar masallaci ba ta ɗaukar sahu uku. Kowa yana amfani da wurin kamar nasa, ba wanda ya taɓa tambayar ranar da za a ce ba nasa ba ne.

Kafin a fara karo-karo kwamiti ya bi gida-gida ya tambayi abin da ya fi damun mutane. Magidanta suka ce wuta, sannan hanya. Suna da hujja. Taransifomar da muke rabawa da unguwar maƙwabta kaya ya yi mata yawa, wuta in ta zo ba ta tayar da injin niƙa, balle na walda. Teloli, masu cajin waya, matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya daga cikin gida, duk cinikinsu a jikin wutar yake. Dattawa suka ce maƙabarta, domin wadda ake kai mutanenmu ta kusa cika. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar mata kai tsaye, da matasa, da 'yan haya. Mai gida aka tambaya, tunda shi zai ba da kuɗi, shi kuma ya faɗi abin da yake gani daga ƙofar gida.

Taron farko kan maganar gonar bayan la'asar aka yi shi a ƙofar gidan mai unguwa, kuma bai yi daɗi ba. Wani mai walda, wanda yana cikin waɗanda suka fi ba da kuɗi, ya miƙe ya ce: "Ranka ya daɗe, da sunan wuta aka karɓi kuɗina. In an fasa wuta a ba ni abina. 'Ya'yana ba inuwar mangwaro za su ci ba." Aka juya ga liman, wasu suna zaton zai goyi bayan fili saboda maganar sallar gawa. Bai yi haka ba. Ya ce kuɗin da aka tara da sunan wani abu amana ne, ba kwamiti ba, ko mai unguwa ba shi da ikon karkatar da shi sai da yardar wanda ya bayar, mutum ɗaya-ɗaya. Wannan magana ta ɓata wa masu son fili rai a ranar, amma ita ce ta hana unguwar darewa, domin daga nan babu wanda zai ce an ci masa kuɗi da rinjayen hannu.

Wanda ya juya akalar taron wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin safiyo, mutum mara yawan magana. Tambaya ɗaya ya yi: "To Alhaji, in an kawo taransifomar, a ƙofar gidan wa za a kafa ta?" Aka yi shiru. Washegari aka zaga unguwar da shi, da tef a hannunsa. Ba a sami wurin da za a kafa ta a kewaye ta ba tare da an toshe layi ko an manna ta a jikin tagar wani ba, kuma duk wanda aka nuna ƙofar gidansa sai ya tuna yana da ƙananan yara. Da aka je wurin kansila, shi ma abin da ya faɗa ke nan ta wata fuskar: ko rijiyar burtsatse ce, ko aji biyu na firamare, ko ɗakin shan magani, ko daga gwamnati ya fito ko daga ɗan majalisa ko wani mai hali, tambayar farko ita ce ina filin, kuma ina takardarsa. Unguwar da ba ta da amsa, aikin sai ya wuce ta gaba.

A nan nake ganin gundarin lamarin yake. Mutane suna jera buƙatunsu ne bisa abin da ya fi yi musu zafi a yau, kuma ba laifinsu ba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma a unguwar da ke cika akwai wani ma'auni na biyu da ba a cika sa shi a lissafi ba: wane abu ne in ya wuce bana ba zai sake samuwa ba? Taransifoma in ba a saya bana ba ana iya sayenta baɗi, ko da ta ƙara tsada. Kwalbati haka, burtsatse haka. Fili kuwa da an zuba masa fandisho ya tafi, kuma sauran abubuwan duka a kansa za su zauna.

Mata ba su zo taron ƙofar gidan mai unguwa ba. A Islamiyya suka yi nasu bayan karatun Asabar, suka aiko da saƙo ta bakin malamarsu, kuma saƙon nasu ya fi duk abin da aka faɗa a taron maza nauyi. Abu biyu suka kawo. Na farko ruwan sha. Zariya a kan dutse take zaune, rijiyoyinmu daga Maris zuwa Afrilu sai laka, 'yan garuwa kuma su ɗaga farashi. An ƙaddamar da sabuwar matatar ruwan Zariya mai lita miliyan 150 a rana a 2017, bayan gina madatsar Galma a Kuzuntu ta ƙaramar hukumar Kubau, amma bututu hanya yake bi, layin da mutane suka haƙa sokawe a tsakiyarsa kuwa ba shi da inda za a binne bututu. Su kansu rijiyoyin abin tsoro ne. Masana lafiyar muhalli sukan ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da shadda, fulotin ƙafa 50 da 100 kuwa tsawonsa gaba ɗaya kusan mita 30 ɗin ke nan, kuma da yawa an raba su biyu. Rijiyarka ta tsere wa shaddarka, ta faɗa kusa da ta maƙwabcinka.

Na biyu kududdufin. Su ne suke kwashe ruwa daga ɗaki da tsakar dare a watan Agusta, don haka su suka san inda ruwan yake fitowa da inda yake nufa. Suka ce in aka cike ramin nan, layin ƙasa zai koma shi ne kududdufin. Safiyo ya ce gaskiyarsu. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa ce take shanye rabonta. Yanzu kwano ne a sama, siminti a tsakar gida, ruwan duka waje yake fita kuma a lokaci ɗaya. Magabata ba su jahilci wannan ba. A cikin birnin Zazzau kududdufan da ke tsakanin gidaje su suke karɓar ruwan unguwa, kuma ganuwa da aka gina ta ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da sarari da gonaki. Wanda yake son ganin abin da ke faruwa in aka matse wa ruwa hanya, ya tambayi mutanen Tudun Jukun da ke bakin rafin Kamaca.

Aka koma gida-gida kamar yadda liman ya ce, wannan karon da malamar Islamiyya da wakilan matasa a cikin tawagar. Mafi yawa suka yarda a juya kuɗinsu. Wasu suka ce a bar nasu a asusun taransifoma, aka bari. Mutum kaɗan suka karɓi nasu, mai walda yana cikinsu.

Magadan su biyar ne, maza uku mata biyu, don haka gonar kashi takwas ta kasu, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. A lokacin an yi ta zagin babban ɗan a majalisu, ana cewa ya ci amanar mahaifinsa. Ban yarda da wannan ba. Mutumin yana da mara lafiya a asibiti da 'ya'ya a makaranta, gonar kuma halalinsa ce. Ba daidai ba ne unguwar da kowa ya sayi fulotinsa ya gine har bakin iyaka ta zo ta ɗora wa gida ɗaya nauyin samar mata da sarari kyauta. Abin da ya yi na kirki shi ne ya ba kwamiti wata biyu kafin ya saurari dillalai. Babbar 'yar marigayin kuma, bayan liman ya yi mata bayanin filin Sayyidina Umar na Khaibara wanda aka tsare asalinsa aka sadaukar da amfaninsa, ta ce wa ƙaninta: "Nawa kason ba na sayarwa ba ne, na ba Baba." Ta yi waƙafi da shi.

Ko da wannan kyautar, kuɗin hannu rabin gonar kawai zai iya saya. Gardama ta biyu ke nan, wadda ba a yi hayaniya a kanta ba amma ta fi ta farko tasiri: tudu za a saya ko gangare? Tudun ya fi tsada, amma nan itatuwa suke, nan ne ake iya kafa taransifoma da gina aji. Gangaren ya fi araha nesa ba kusa ba, da kuɗin za a same shi duka har a yi ragowa. Safiyo da mata suka ce gangare. Mafi yawan magidanta suka ce ba za su koma su gaya wa mutane an fasa wuta an sayi rami ba. Aka sayi tudu, aka haɗa da kason da babbar 'yar marigayin ta yi waƙafi da shi.

Gangaren wani baƙo ya saya. Ya yi ta zuba tifofin ƙasa da shara har ramin ya cika, ya ja katanga. Agustan da ya biyo baya ruwa ya shiga gidajen layin ƙasa har gwiwa, katangar shi mai filin ma wani sashe ya kwanta. Sai da mai unguwa da dagaci suka sa baki kafin ya yarda ya ja baya da ƙafa uku a gefe ɗaya, unguwa ta biya shi, aka yi aikin gayya aka haƙa lambatu zuwa rafi. Lambatun yana aiki in an yashe shi kafin damina, amma hanya ce kawai ta wucewa, ba ya riƙe ruwa yadda kududdufin yake riƙewa, don haka abin da muka rage wa kanmu mun tura wa na ƙasa da mu. A ganina maganar safiyo da mata ta fi ƙarfi. Sai dai ba zan ce masu tudu ba su da hujja ba: da gangaren aka saya, da yanzu an sare mangwaron an yi gawayi da shi, kuma da har yau ba inda za a kafa komai. Kuɗin ne bai kai ba, kuma bai kai ba saboda an fara maganar ne bayan fili ya yi tsada.

Sayen fili abu ɗaya ne, riƙe shi wani abu ne daban. Filin jama'a da ba shi da takarda sannu a hankali ake cin sa: wannan ya matso da katanga taku biyu, wancan ya kafa kwantena, jikokin mai kyauta su taso su ce ba su san zancen ba. Ko filayen hukuma ba su tsira ba. A 2015 gwamnatin jiha ta rushe gidajen da ta ce an gina a filin Kwalejin Alhudahuda, a 2021 kuma aka yi rusau a unguwar Graceland kan filin da aka ce na kwalejin jirgin sama ne. Ko me mutum yake gani game da yadda aka yi waɗannan, wanda ya fi shan wuya shi ne wanda ya sayi fuloti da guminsa bai san asalin wurin ba. Saboda haka kwamiti ya ƙi yarda a rubuta filin da sunan mutum ɗaya, ko da mai unguwa ne. Aka yi wa ƙungiyar unguwa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu, ciki har da mace ɗaya da matashi ɗaya, aka kawo safiyo mai lasisi ya kafa duwatsun iyaka, aka shigar da takardun neman mallaka a KADGIS, aka ajiye kwafin takardar ciniki da ta waƙafi a wurin dagaci da hakimi. Takardar ba za ta hana gwamnati karɓar wurin ba in ta buƙace shi don amfanin jama'a, dokar 1978 ta ba ta wannan dama. Maƙwabci take hanawa, kuma daga maƙwabci aka fi jin tsoro.

Abin da ba a zata ba shi ne matsin da ya taso daga cikin gida. Da filin ya zama na unguwa, kowa ya zo da abin da za a gina. Wasu suka ce a jera shaguna a riƙa karɓar haya, wasu suka ce a faɗaɗa masallaci, wasu Islamiyya mai bene. Duk abubuwan alheri ne, kuma da an bi su ɗaya bayan ɗaya da shekara uku ta isa a cinye wurin. Sai aka rubuta a tsarin ƙungiya: kusurwar gabas ta taransifoma da burtsatse ce, gefen kudu an ajiye wa azuzuwa, tsakiya da ƙarƙashin itatuwa ba a gini. Matasa suka karɓi tsaron wurin tunda ragarsu tana ciki. Aka shuka darbejiya a kan iyaka, awaki suka cinye kashin farko. A karo na biyu aka kewaye kowace da fasassun bulo, aka damƙa ta ga gidan da take kallo, ruwan alwala da na wanke-wanke ya raine ta. Maƙabarta ba ta samu shiga ba, wurin ya yi kaɗan kuma ya yi kusa da rijiyoyi. Wannan sai an haɗa kai da unguwanni biyu na maƙwabta an nemi gona a can gaba, kuma ba a fara ba.

An biya farashi, bai kamata a ɓoye ba. Wutar tana nan yadda take. Mai walda ya kwashe kayansa ya kama shago a bakin titi, yana biyan hayar da da ba ya biya, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsa da 'yan kwamiti. Wasu matan sun bar sana'ar ƙanƙara. An sake buɗe karo-karon taransifoma, yana tafiya a hankali domin aljihu ya gaji. Burtsatse mai aiki da hasken rana ita ta fara zuwa: wani mai hali yana neman inda zai haƙa wa mahaifiyarsa sadaka, unguwar da ya fara zuwa ba su da wuri, aka nuna masa tamu.

Yanzu gari ya tsallaka arewacin unguwar, akwai wata gona da ake shirin aunawa. Wannan karon kwamiti ya riga dillali zuwa. Abin da aka roƙi mai gonar shi ne ya bar hanya mai ƙafa 30 da za ta yi daidai da babban layinmu, ya kuma bar wa ruwa inda ya saba bi. Ya ce Allah gafarta Malam ai hadisi ya ce in an yi saɓani a kan hanya a sa zira'i bakwai. Liman ya ce haka ne, yana cikin Buhari da Muslim, amma malamai sun duba abin da ke bin hanyar ne, kuma zira'i bakwai bai kai mita huɗu ba, ba zai ɗauki tifa da lambatu biyu da turken wuta ba. Safiyo ya zana masa a ƙasa cewa zai rasa fuloti biyu, amma waɗanda suka kalli faffaɗar hanya za su fi tsada. Mai gonar ya ce ya ji, sai dai tsadar zato ce, fuloti biyun kuwa kuɗi ne a hannu, wa zai biya shi? Kwamiti ba shi da kuɗin. An tsaya a kan zai shawarci 'yan'uwansa bayan an yi girbi, mai unguwa kuma ya ce ba zai sa hannu a takardar kowane fuloti na gonar ba sai an dawo an zauna.